RANAR DA KHALIFA YA BAR FAMFAS

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina shafinmu", ku yi haƙuri, wutar unguwarmu ce ta yi yaji kwana uku. Ga shi nan na biya. Wadda ta ɗora girki ta je ta sauke tukuna, kada a ce ni na ƙona mata miya.

*

Malamin Islamiyyar matan aure bai zo ba ranar Asabar ɗin, an ce haihuwa aka yi masa. Shi ya sa Rahinatu ta kamo hanyar gida tun ƙarfe goma da rabi, ita da ba ta shigowa sai an kusa kiran azahar. A bakin titin Ƙofar Sauri ta tsaya ta sayi dabino, don akwai alƙawari tsakaninta da Khalifa: duk ranar da ya wuni da busasshen wando, dabino uku ne ladansa.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan tana biyan wannan lada.

Wanda bai taɓa raba yaro da famfas ba zai ce mene ne abin ƙirga kwana a nan. Ku ƙyale shi, bai san dawan garin ba. Wata biyar Rahinatu ta yi tana wannan fama. Fo ɗin da ta sayo a babbar kasuwa, shuɗi mai kan agwagwa, Khalifa ya fara mai da shi hula, daga baya ya sa aka ɗaura masa igiya ya zama mota. In ta ɗora shi a kai sai ya harɗe kamar alƙali, ya yi ta zuba mata surutu, ko ɗigo babu. Tana ɗaga shi ta sa masa wando, zai lallaɓa bayan ƙofa ya yi tsit, kuma duk uwar da ta san shirun yaro ta san abin da ke biyo baya. Ya yi a kan kafet, ya yi a cikin takalmin mijinta Mannir, wata Juma'a ko dardumar salla bai bari ba. Wando goma take wankewa a rana, har fatar hannunta ta soma saɓa. Maƙwabciyarta Maman Hajara kuwa in ta leƙo ta ga shanya sai ta taɓe baki ta ce, "Ku 'yan boko kun ɓata ɗiya. Mu tun wata huɗu muke aza su bisa ƙafa."

Rahinatu dariya kawai take yi. Ita wankin nan daɗi yake mata, don ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta wanda za ta yi wa.

Shekara tara da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Khalifa ɗan Muttaka ne, ƙanin mijinta. Yana da wata biyar mahaifiyarsa Iklima ta rasu. Ranar sadakar bakwai, surukarta Hajiya Hure ta ɗauko shi a zani ta ɗora mata a cinya gaban mutane, ta ce, "Ga ɗa nan Allah ya ba ki." Yanzu shekararsa biyu da wata bakwai, kuma tun daga ranar babu abin da Rahinatu ke tsoro a duniya irin a wayi gari a ce ta kawo shi. In Muttaka ya kira daga Fatakwal, inda yake aiki, gabanta faɗuwa yake yi har a kashe wayar.

Ta yi sallama a tsakar gida, ba wanda ya amsa. Daga uwar ɗaki ta jiyo muryar Mannir ƙasa-ƙasa.

"Tsaya mana, Babana. Ɗaga ƙafar."

"Ba na so."

"Yanzu zan sai maka alawa."

"Ni babba ne. Umma ta ce ni babba ne."

Ta ɗaga labule.

Mannir na durƙushe a bakin gado, Khalifa na kwance yana wutsil-wutsil da ƙafa, ɗan kamfansa a yashe a ƙasa. Gefe guda ga ƙatuwar ledar famfas a buɗe.

"Abban Khalifa, mi kake yi?"

Ya ɗago a firgice kamar wanda aka kama da hannu cikin tukunya.

"Har kun taso?"

"Tambayarka na yi."

"Hajiya ta kira da safe. Ta ce in je bayan la'asar, in taho mata da shi. Na ga kar ya ɓata jiki a hanya."

"Bayan la'asar," ta maimaita. "Yanzu ko sha ɗaya ba ta yi ba."

Khalifa ya zamo daga gadon ya rugo ya ƙanƙame ƙafarta, yana kai ƙara da baki da hannu. Ta sunkuya ta mayar masa da kamfansa, ta damƙa masa dabino ɗaya, ta ce ya je falo ya kunna katun. Sai da ta ji ƙarar talabijin sannan ta janyo ledar ta leƙa ciki. An ci fiye da rabi.

"Wata biyar rabon da in sayi abin nan. Ina ka samo shi?"

Ya miƙo hannu zai karɓi ledar, ta janye.

"Ina kake ɓoye shi?"

"A but ɗin mota."

Nan take abubuwa suka fara jeruwa a kanta. Duk sati yaron sai ya miƙe daga Talata zuwa Juma'a, ta fara murna. Ranar Litinin kuma ya koma kamar ba a taɓa nuna masa fo ba. Har asibiti ta kai shi, tana tsoron ko mararsa ce ke da matsala. Har rubutu ta karɓo masa. Sai satin da ya wuce, da zazzaɓi ya hana ta zuwa Islamiyya ta wuni a gida Asabar da Lahadi, shi ne yaro ya miƙe bai sake waiwaye ba.

"Ashe kai ne," ta ce. "Ina ɗinki kana bi kana warwarewa."

"Rahina, yaro ne. Saurin mi kike? Ki bar shi ya sha ƙuruciyarshi."

"Makarantar bayan layinmu sun ce ba su ɗaukar yaro da famfas. Kai ka raka ni."

"Ba dole ba ne ya shiga bana."

"Kai ke faɗin haka? Kai da ka sai mashi allo da alli tun bai iya zama ba?"

Ya kau da kai.

"Kana kallo ina kuka a kan yaron nan. Kana kallo na kai shi asibiti aka tsira mashi allura aka ɗebi jini, yana ihu yana kiranka. Ka san lafiyarshi lau, ka yi shiru."

"Na sani."

"To don mi?"

Ita kuwa maganar da ta fi shekara biyu tana danne ta a ƙasan zuciya ta kuɓuce mata.

"Ko don ba ni na haife shi ba ne? Shi ya sa ban isa in ce ga yadda za a yi da shi ba?"

Mannir ya runtse ido. Mutum ne da ko a rasuwar mahaifinsa mutane ba su ga hawayensa ba, amma da ya buɗe idon nan jajur suke.

"Zamna, Rahina."

"A tsaye ma ina ji."

"Don Allah ki zamna."

Ta zauna a bakin gado, ledar famfas na kan cinyarta, ta ma manta tana riƙe da ita.

"Ranar da aka ba ki shi," ya fara, "kafin a kira ki, mun zamna mu ukku a ɗakin Hajiya. Ni da ita da Muttaka."

"Ina ji."

"Muttaka ya ce shi bai bada ɗanshi ba. Ya ce riƙo ne, har ya samu wadda za ta kula mashi da shi."

Ta matse ledar a cinyarta, shi kuma ya ci gaba.

"Bara da ya auri Lailatu ya tada maganar. Iyayenta suka ce yarinya ce, ba ta taɓa raino ba, ba a tare ta da wankin kashi daga shiga gida. Sai Hajiya ta yanke."

"Ta yanke mi?"

"Ta ce a bar shi wajenki har ya iya tsugunno da kanshi. Ranar da ya daina ɓata wando, a kai ma ubanshi."

Daga falo dariyar Khalifa ta taso, wani abu ya ba shi dariya a katun.

Rahinatu ta ɗago ta dube shi.

"Ku ukku kuka sani."

"E."

"Har da Lailatu huɗu. Har da iyayenta."

"E."

"Ni kaɗai ce ban sani ba. Ni mai goyon."

"Hajiya ta ce in kin san na aro ne, ba za ki riƙe shi da zuciya ɗaya ba."

Sai ta yi wata 'yar dariya wadda kuka ya fi ta daɗin ji.

"Aro," ta ce. "To ai dabarar ta yi. Na riƙe shi da zuciya ɗaya. Wallahi ban rage ko kaɗan ba, duka na ba shi."

"Na so in faɗa maki. Ranar da ya fara ce maki Umma, da niyyar faɗa na shigo gidan nan. Na iske ki kin ɗaga shi sama kina kuka kina dariya. Ki gaya mani, ta ina zan fara?"

"Da ka fara ta ko'ina."

"Na kasa."

Ya share fuska da hannun riga kamar ƙaramin yaro.

"Duk sanda Hajiya ta tambaye ni, cewa nake har yanzu yana yi. Na ce ko shekara guda na ƙara maki, riba ce. Wataƙila kafin nan Lailatu ta samu nata, hankalinsu ya koma can, a manta da mu. Na san zalunci ne ga yaron. Na san na wahalshe ki. Amma ban ga wata hanya ba."

Haushinsa take ji, tausayinsa take ji, ta rasa wanda ya fi yawa. Wata biyar tana ganin mutumin nan ba ya taya ta murna, in ta tare shi a ƙofa ta ce yau Khalifa ya yi a fo, sai ya ce "to madalla" ya wuce ciki. Ta ɗauka halin maza ne. Ashe duk albishir ɗin da take masa, kwanakin da suka rage musu yake ƙirgawa.

"Har yanzu ba a makara ba," Mannir ya ce, ya matso. "Muddin ba wanda ya sani, muna da lokaci. Shi ya sa nake so Hajiya ta gan shi da famfas yau. In ta gani da idonta, shi ke nan, mun samu wata shida ko fiye."

Rahinatu ta daskare.

"Mi ya faru?"

"Na faɗa."

"Kin faɗa ma wa?"

"Guruf ɗin matan gida. Ranar Laraba."

Ta zaro wayar daga jaka. Maza ba sa cikin guruf ɗin, shi ya sa bai gani ba. Ta danna saƙon muryar, sai ga muryarta ta cika ɗakin, wasai, har da 'yar guɗa a farko.

"Jama'ar gida, a taya ni murna. Mai gidan Hajiya ya girma. Yau kwana takwas ba fitsari ba kashi a wando, da kanshi yake ɗauko fo. Mun yi sallama da famfas sai dai a ba na baya."

A ƙasa ga amsoshi jere. Masha Allah, masha Allah, sannu da ƙoƙari. Na ƙarshe na Lailatu ne: "Kai Anti, Allah ya biya ki. Kin gama mana komai." Ranar da Rahinatu ta karanta, har addu'a ta yi mata, ta ce yarinyar nan akwai hankali.

"Hajiya ta ji?" Muryar Mannir ta dushe.

"Ranar Alhamis ta kira ni. Ta ce da gaske ne? Na ce da gaske. Ta ce har in ya yi barci ba ya yi? Na ce ba ya yi." Ta ajiye wayar. "Har rantsuwa na yi mata. Na ɗauka daɗi ta ji."

Mannir ya dafe kai da hannu biyu.

Jama'a, wannan shi ake kira daɓa wa ciki wuƙa. Ba maƙiyi ya kai labarin ba, ba mahassada ba. Ita ta ɗauka da bakinta ta kai, da guɗa.

Ta kifa kai a kan ledar ta yi kuka mai cin rai, irin wanda ba ya fitar da sauti. Mannir bai hana ta ba, shi ma ba shi da bakin lallashi. Ranar ba a ɗora tukunya a gidan ba, shayi da burodi aka ba Khalifa.

*

Ana idar da la'asar ta yi masa wanka, ta shafa masa mai, ta ɗauko farar shaddarsa ta sallar bara. Mannir na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota.

"Miƙo mani guda," ta ce, ba ta kalle shi ba.

Ya miƙo.

Khalifa na ganin abin da ke hannunta ya ja da baya ya manne da bango.

"Umma, a'a."

"Zo, ɗan albarka. Yau kaɗai."

"Ni babba ne."

"Na sani. Babba ne kai."

"Ke kika ce ƙazanta ne."

Ita ta faɗa. Sau ɗari ta faɗa, tana toshe hanci tana yamutsa fuska don ta ba shi dariya. Yau ga shi ita ce ta kwantar da shi da ƙarfi, ta danne 'yan ƙafafun da gwiwar hannu, ta manne masa abin da ta yi wata biyar tana raba shi da shi. Bai yi ihu ba kamar yadda ya yi wa Mannir. Kallonta kawai yake, leɓensa na rawa, hawaye na gangara cikin kunnensa. Da ya yi ihun ma da ya fi mata sauƙi.

Ta ba shi dabino biyu. Ya karɓa ya riƙe, bai ci ba.

Suka hau mota, suka nufi gidan Hajiya a lungun Ƙofar 'Yandaka.

*

Hajiya Hure na zaune a kan darduma a falonta, ta miƙe ƙafar da ke mata ciwo, carbi a hannu. Labulen uwar ɗaki a sake yake. Rahinatu ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Ina wuni, Hajiya."

"Lahiya lau, Rahinatu. Kun wuni lahiya?"

"Lafiya lau. Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya."

"Ya ƙafar?"

"Tana nan tana mulkinta. Ya zahin nan?"

"Lokacinshi ne."

"Ya wajen su Innarki?"

"Suna gaishe ki."

"Ina amsawa. Kai kuma mai gidana, taho nan. Yau ma hannu biyu ka zo mani, ba cehwane? To na fasa auren."

Sunan marigayi mijinta yaron ya ci, shi ya sa ba mai kiran sunan a gidan. Khalifa ya je ya faɗa jikinta, ya miƙa mata dabino ɗaya da ya jiƙe da gumin hannunsa. Hajiya ta yi dariya ta rungume shi, ta ɗan bubbuga bayansa. Hannunta ya sauka ƙasa, ya tsaya. Ta ɗaga rigar.

"Mi nake gani haka?"

Tunda aka kawo Rahinatu gidan nan amarya ba ta taɓa yi wa tsohuwar nan ƙarya ba. Ta sunkuyar da kai.

"Na yi gaggawar magana ne, Hajiya. Ya koma yi."

"Ke kika rantse mani shekaranjiya."

"Daga baya ne ya koma."

"Haka ne, Hajiya," in ji Mannir. "Ko jiya sai da ya ɓata zanin gado."

Hajiya ta juya ta dube shi.

"Mannir, ni na haihe ka. Tun kana kamar yaron ga, in za ka yi ƙarya kunnenka kake sosawa."

Ya sauke hannunsa da sauri.

"Ka hwaɗa mata ke nan."

"Na faɗa mata."

Nan kunya ta ƙare wa Rahinatu. Ta ja gwiwa har gaban dardumar, ta kama ƙafar Hajiya mai lafiyar da hannu biyu.

"Hajiya, don girman Allah. Ban ce a bar mani shi har abada ba. Shekara guda. Ko wata shida. Bai san kowa ba sai ni. Ba ya barci sai ya riƙe mani ɗan yatsa. In ya yi zazzaɓi ba ya shan magani a cokali, sai a murfin kwalba. Wa zai san wannan?"

"Za su koya, kamar yadda kika koya."

"Fatakwal fa, Hajiya. Ba Batagarawa ba ce da zan hau mota in je in gano shi."

"Saki ƙahwata, ɗiyar nan, ki saurare ni."

Ta saki. Muryar Hajiya ba faɗa a ciki, kuma hakan ya fi tsorata ta.

"Kina ganin ban san abin da na yi maki ba? Ni na aza maki shi a cinya. Na ga yadda kika ƙanƙame shi. Ba sallar da zan yi ban nemi gahwara a kanki ba. Amma Muttaka ma ni na haihe shi. Ya binne mata, in hana shi ɗa? Yaron ga Baba Muttaka yake ce ma ubanshi, in ya miƙo hannu ya ɓoye bayanki kamar ya ga baƙo. Ranar nan a ɗakin ga Muttaka ya zamna yana hawaye, ƙato da shi."

"Zan koya mashi. Kullum zan nuna mashi hoto."

"Ba a koyon uba a hoto. In ya ƙara wayo ba ya ciruwa. Yanzu ne zai yi kukan sati guda ya manta."

Ya manta. Kalmar ta shige ta har ƙashi. Haƙoransa da suka fito a kan kafaɗarta, ƙyandar da ta sa ta kwana takwas ba ta kwanta ba, tatatar da ya fara daga hannunta zuwa kujera, duk sati guda ne kuɗinsu. Kuma abin da ya fi ci mata rai, ta san gaskiya tsohuwar ta faɗa.

Hajiya ta ja carbi biyu, ta sauke numfashi.

"Amma ni ba ni tada magana. Cewa na yi sai ya iya da kanshi. In kau da gaske ya koma yi, ba mai taɓa maki shi, ko Muttaka ne. Sai ya iya."

Rahinatu ta ɗago. Wani ɗan haske ya shigo mata, ƙanƙani, ta kama shi da hannu biyu.

Daidai nan Khalifa ya sauko daga cinyar Hajiya, ya zo ya ja gefen hijabinta.

"Umma, fo."

Ta yi kamar ba ta ji ba.

"Umma. Tutu."

Ta janyo shi jikinta, ta kai baki kunnensa kamar mai lallashi.

"Yi a ciki," ta raɗa masa. "Ba komai, yi abinka. Zan sai maka mota."

"A'a."

"Don Allah, Khalifa."

"Ƙazanta ne," ya faɗa da ƙarfi, yadda kowa zai ji.

Ya zame daga hannunta. A tsakiyar falon ya tsaya ya tattare shaddarsa ya danne da haɓa, yadda ta koya masa. Ya ja manne na dama, ya ja na hagu. Famfas ya faɗi a kan kafet, fari fat, a bushe. Ya tsallake shi ya fita tsakar gida, ya sa 'yan silifas ɗinsa a karkace, ya janyo ƙaramar butar da ke gindin famfo ya kai bakin rariya inda jikokin gidan ke tsugunawa. Ya gyara ƙafa ya tsuguna.

Su uku suna kallonsa ta ƙofa. Mannir ya juya fuska bango.

Allah ya sani, a cikin wannan tashin hankalin ma sai da wani ɓangare na zuciyar Rahinatu ya yi alfahari da shi. Ko ɗigo bai taɓa rigar ba. Komai daidai ya yi, ba abin da ya manta.

"Umma, na gama. Zo ki wanke mani."

Jikinta ya riga tunaninta, ta yunƙura za ta tashi. Hannun Hajiya ya sauka a kan gwiwarta, a hankali, amma da nauyi.

"Zamna, Rahinatu."

Tsohuwar ta share ido da gefen mayafi, ta juya wajen uwar ɗaki ta ɗaga murya.

"Lailatu, hito ki wanke ma ɗanki."

Rahinatu ta waiwaya. A saninta Lailatu tana Fatakwal.

Labulen ya motsa, wata ƙafa mai jan lalle ta sauko kan kafet.

Daga tsakar gida Khalifa ya sake kira, yana miƙo butar da hannu biyu.

"Umma, ki zo mana."